Yaya ga bayanin habbar ɗin nan kafin ka sa kuɗinka

Assalamu alaikum Yaya, barka da war haka, ya Hajiya da ƙarfin jiki, ya yara, ya kasuwa. Mu nan Jidda alhamdulillahi, sai zafi da gumin teku da ba ya barin riga ta bushe a jikin mutum.

Hoton nan na wata halittar teku da na tura gurup ɗin gida naga ya tada ƙura, yara sunce aljanin ruwa ne, Hajiya tace in dai abinda nake ci kenan gara in tattara nawa-i-nawa in dawo, kai kuma ka biyo ni ta gefe da tambayar ɗan kasuwa wai ko kaya ne da zai shiga a Kano in ka ajiye shi a ɗakin sanyinka tare da su titus da shawa. A gajarce kar ka fara. Amma tunda nasan halinka ba ka karɓar a'a sai da hujja bari in zayyana maka, dama yau ba na zuwa gidan abincin.

Habbar ake ce masa a nan. A kasuwa iri biyu za ka gani da suna ɗaya, akwai siriri dogo wanda ake yankawa zobe-zobe a soya, akwai kuma mai faɗi mai kauri da ke da wani farin ƙashi kwance a cikin bayansa, to mai ƙashin nan shi na ɗauka a hoton kuma shi nake nufi. In aka bi asali ma ba kifi ba ne, dangin dodon koɗi ne. Hannuwa takwas ne kewaye da bakinsa, sai wasu biyu dogaye da yake naɗewa ya ɓoye a ƙarƙashin idanu, bakin kuma irin na aku ne mai ƙarfi, zuciyarsa uku, jininsa shuɗi-shuɗi ne saboda jan ƙarfe ne ke ɗaukar masa iska a jini. Iri-irinsa sun haura 100 a duniya, wanda ya fi yawa a Bahar Maliya da tekun gabas wajen su Ƙaɗif da Dammam shi ne wanda masana ke jinginawa sunan Fir'auna, mai zane-zane a baya.

Ka faɗa wa Hajiya ta kwantar da hankalinta ta ɓangaren halacci. A mazhabar Malikiyya da muka taso a kai duk abin da ke rayuwa a teku halal ne ko ba a yanka ba, ga aya ta 96 a Suratul Ma'ida nan, kuma mutanen ƙasar nan ma haka suke a kai. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai, shi yasa za ka ga wani ɗan Pakistan a kicin ɗinmu yana gyara shi tsaf ya soya wa kwastoma amma shi ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Yanzu kasuwar. Babbar kasuwar kifi ta Jidda Bangala ake kiranta, tana bakin ruwa kusa da Balad wato tsohon gari, da asuba ake yin haraj wato gwanjon manyan dillalai, daga nan kaya su watsu teburi-teburi. Yaya kifin kansa bai ruɗe ni ba, ƙanƙarar ce ta ruɗe ni. Tun daga cikin jirgin masunta kifi yana kan ƙanƙara, a mota yana kan ƙanƙara, a tebur yana kan ƙanƙara, ta narke a ƙaro wata ba wanda ke lissafin buhu nawa ya ƙare ko dizal nawa janareta ya sha, ga sikeli na lantarki kana kallon lamba da idonka, ga ma'aikatan baladiyya wato hukumar birni suna zagayawa, wanda aka kama da ruɓaɓɓen kaya tara ce mai zafi a kwashe kayan kuma. In ka saya ba sai ka kai gida mata su yi ta fama da ƙaya da ƙarni ba, akwai ɓangaren masu gyara daban, a auna maka ka biya bisa kilo a ba ka lamba, kafin ka gama amsa waya sun fere sun wanke sun ƙulle a leda, in kana so ma ka miƙa wa masu suya ko gashi a nan kusa ka tafi da abinka a dafe da shinkafar sayyadiyya. Habbar kam dole ka ba su, don yana da wata jakar baƙar tawada a ciki, in ka fasa ta da hannunka to kicin da rigarka sun gama yawo. Kuɗi kuma yawanci kati ake gogawa, ba rigimar canji ko tsohuwar takarda. Kifin najil shi ne sarkin tsada a teburin, sai su hamur, habbar yana ƙasa da su sosai, talaka na iya saya.

Ba wai komai suka fi mu ba fa. Duk tsaftar nan ba su da abin da ya kama ƙafar bandar Baga a miyar kuka, kifin teku ɗanɗanonsa sama-sama ne in ka saba da tarwaɗa da ragon ruwa. Sannan a kasuwar Galadima mutum ya san ka ya san babanka, ya ba ka katan biyar ka sayar ka kawo, nan kuwa ba kuɗi ba kaya, ga harajin kashi 15 da aka ɗora kan kaya tun 2020. Bandar da ake kawowa daga gida kuma tsadarta sai ka riƙe baki, dama a su Karantina da Sabil matanmu ke sayarwa, tunda aka rushe unguwannin nan a 2021 da 2022 mutane suka watse sai ka yi ta kiran waya kafin ka samu mai ita.

Abin da ya sa na matsu da halittar nan har nake ɗaukar hotonta, akwai wani yaro ɗan Hausawa haifaffen nan da ke karatu a tsangayar kimiyyar teku ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz, wadda ke can Abhur, in mun haɗu bayan isha'i shi ke buɗe min bidiyoyi yana min bayani, ni kuma in haɗa da abin da nake ji a bakin masunta. Wallahi Yaya mafarauci ne na gaske. Hawainiya da muke yi wa kirari da rikiɗa sai ta ja lokaci tana sauyawa, shi kuwa kafin ka ƙifta ido ya koma kalar yashi, ya matsa kan dutse ya koma dutse har fatar ta yi ƙuraje-ƙuraje ta tashi irin na dutsen. A fatarsa akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkunan kala, rawaya da ja da ruwan ƙasa, kowace da jijiyoyin da ke buɗe ta su rufe ta kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, shi yasa abin ba ya jira. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne an gwada an tabbatar idonsa ba ya bambance kala, duk wannan kwalliyar da haske da duhu yake auna ta. Ƙwayar idon ma a lanƙwashe take kamar harafin W.

Da rana yakan binne jikinsa a yashi ya bar ido kawai, in gari ya fara duhu ya fito. Abincinsa jatan lande da ƙaguwa da ƙananan kifi, kuma kowanne da yadda yake masa. Jatan lande in ya ɓuya a yashi sai ya hura masa ruwa ta wani bututu da ke ƙarƙashin kansa yashin ya yaye, da ya motsa shikenan ya tona kansa, sai habbar ya juyo da idanu biyu kansa, ya ringa matsowa a hankali da wannan siririn fiffiken da ya zagaye jikinsa yana kaɗawa, in ya yi kusa da yawa ma sai ya ɗan ja baya har tazarar ta yi masa daidai, sannan wuf dogayen hannuwan nan biyu su fito su cafko su dawo da shi baki, ido ba ya iya bi sai an rage gudun bidiyon. Ƙaguwa kuwa tunda tana da almakashi ba ya yi mata haka gaba da gaba, zagayawa yake ta baya ya faɗa mata da hannuwa takwas ɗin gaba ɗaya ya danne, ya cije ta a gaɓa, miyaunsa na da dafin da ke kashe mata jiki, sai ya ci naman ya bar ɓawon. Akwai wani irinsa a tekun Indunusiya da in ya tunkari ƙaguwa sai baƙaƙen layuka su ringa gudu a jikinsa daga baya zuwa gaba ba tsayawa, ita tana ta kallon layuka shi yana isowa. In kuma shi aka biyo, don shak da dolfin da manyan kifaye duk suna sonsa, sai ya fesa tawada haɗe da majina ta tsaya curi guda a ruwa kusan girmansa, maƙiyi ya kai wa curin hari shi ya yi fari fat ya ɓace ta baya.

Turawa ba abin da ba su gwada a kansa ba. A 2020 wasu masana a Amurka suka manna masa tabarau mai gilashi ja da shuɗi suka kunna masa hoton jatan lande a allo, ya ringa kai cafka daidai inda tabarau ɗin ya nuna masa abin yake, da haka suka gane da idanu biyu yake auna nisa kamar mu. A 2021 kuma wata masaniya Alexandra Schnell ta Jami'ar Kambirij ta gwada haƙurinsa, a ajiye masa abincin da bai dame shi ba a gabansa, wanda ya fi so kuma a bayan ƙofar gilashi da ba za ta buɗe ba sai in ya bar na farkon, aka samu masu jira daga daƙiƙa 50 har 130, wasu ma juya baya suke kar su ga na gaban ya ja musu rai. Ni dai nasan manya da gemu da ba za su iya wannan ba in an ajiye tsire.

To ga inda maganar ta shafi kasuwa, wato haihuwarsa. Duk wannan basirar ransa gajere ne, shekara ɗaya zuwa biyu, kuma kaka ɗaya tak yake yi ta haihuwa a ƙarshen rayuwarsa. Yana zaune a ruwa mai ɗan zurfi, idan sanyi ya ja baya ruwa ya fara ɗumi sai su taso ayari-ayari zuwa gaɓa inda ba zurfi, inda akwai ciyawar ruwa da murjani. Namiji ya yi ado da zane baƙi da fari mai ƙyalli, in wani namijin ya matso su jera gefe da gefe kowa na baje hannuwa yana nuna girma, yawanci a nan ƙarami ke janyewa, in an ƙi kuma a kai ga cizo da fesa tawada. Wanda ya yi nasara sai su haɗa kai da kai da macen hannuwa a sarƙe, yana da hannu ɗaya na musamman da yake ɗauko ƙunshin maniyyi da shi ya ajiye mata a wani gurbi ƙarƙashin bakinta, kafin nan ma sai ya fesa ruwa a gurbin ko zai wanke na wanda ya riga shi, bayan an gama kuma ba ya tafiya, yana bisa kanta yana gadi har ta fara zuba ƙwai. Ita kuma ɗaya bayan ɗaya take fito da ƙwan, ta shafa shi a abin da ta adana, ta ɗaure shi a jikin ciyawa ko reshen murjani ko igiya, duk abin da ta samu a tsaye, har su taru cunkus ɗaruruwa wata ma ta haura dubu. Na tekun Turai tana rina nata da tawada su yi baƙi ƙirin, na wajenmu nan farare ne. Daga nan jikinta ya fara lalacewa, ba ta cin kirki, ba da jimawa ba ta mutu, namijin ma haka, ba wanda ke ganin 'ya'yansa. A ruwa mai ɗumi irin na nan sati biyu zuwa uku ƙwan ya fashe, ɗan ya fito bai wuce farcen ɗan yatsa ba amma komai nasa ya cika har tawada, kwana kaɗan ya fara farautar 'yan ƙananan jatan lande ba wanda ya koya masa. A Faransa har an gwada an ga wanda aka nuna wa ƙaguwa tun yana cikin ƙwai, don ɓawon na yin garau daf da fashewa, in ya fito ƙaguwa ya fi nema.

Ƙananan mazan ma ba a bar su a baya ba. A kudancin Ostareliya kusa da wani gari Whyalla, daga Mayu zuwa Agusta manya-manyan irinsa na taruwa dubbai a kan duwatsun gaɓa, maza sun ninka mata sau da yawa, to ƙaramin namijin da ba zai iya faɗa ba sai ya naɗe hannuwansa ya sauya kala ya koma tamkar mace, ya zo ya wuce ta gaban ƙaton da ke gadi, ƙato na murna ya samu ta biyu, shi kuwa ya lallaɓa wajen ta ainihin ya gama abin da ya kawo shi, kuma gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ana haifar nasu. Wani irin kuma a wajen Sidni rabi yake raba jikinsa, gefen da mace ke gani adon maza, gefen da kishiyarsa namiji ke gani kalar mata.

Kaga kenan lokacin da ya fi cika teburin Bangala ya fi araha shi ne lokacin da ya zo gaɓa yin ƙwai, in ka fasa cikin macen ka tarar da shi maƙil. Masu gargur, wannan kejin waya mai kamar kwando da ake jefawa ƙasan ruwa musamman a gabas, ba sai sun sa masa abinci ba, macen da kanta take shiga don ta samu wajen ɗaure ƙwai mazan su bi ta, in aka ɗago kejin ga ƙwai nan jingim a jikin waya, mai hankali ya mayar da shi ruwa, mai gaggawa ya kankare ya zubar a kan jirgi. Halittar da ba ta da tsofaffin da za su sake haihuwa baɗi, in ka kwashe iyayen bana da ƙwansu to baɗi sai dai ka ji labari. A Whyalla ɗin nan adadinsu ya faɗo daga wajen 180,000 a ƙarshen shekarun 1990 zuwa kimanin 13,000 a 2013, aka hana kamu a duk yankin, bayan 'yan shekaru suka dawo sama da 100,000, duk da masana na cewa ɗumin ruwa ma na da hannu a hawa da saukar. A nan Saudiyya abin da ya burge ni shi ne ma'aikatar muhalli da ruwa da noma na rufe kakar wasu kayan ruwan, jatan lande a tekun gabas daga 1 ga Agusta ake buɗewa zuwa ƙarshen Janairu, bayan nan wanda aka kama ya ja raga ya shiga uku, kuma jirgi ba ya fita sai da lasisi da sanin dakarun kan iyaka. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, Matan Fada a Argungu rufe shi ake yi shekara guda ba mai jefa homa sai ranar biki, Sarkin Ruwa na da magana a ji. Amma je ka wasu madatsun namu ka ga ana tace ruwa da gidan sauro ana kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, wasu ma gamalin suke zubawa.

Dalilan da nace kar ka sa kuɗinka kuwa, na farko naman nan ba ya haƙuri da zafi ko kaɗan, titus zai iya jure a ɗauke wuta dare ɗaya a dawo da ita, shi kuwa da ya saki ya koma ruwan hoda ya fara wari to sai bola, ga hanyar Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 a bayan mota. Na biyu wa zai saya, matar da ta zo da kuɗin cefane tana neman abin da zai ba miya ɗanɗano ba za ta ɗauki abu mai hannu goma ba, sai dai 'yan Chana da Labanawa da manyan otal, su kuma suna da masu kawo musu. Na uku riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, duk abin da ka saya a nan da dala ka saya. In ma ana so ai ba sai an zo Jidda ba, akwai shi a tekun Afirka ta Yamma, Muritaniya da Senegal sun daɗe suna loda shi zuwa Turai da Japan.

Abin da nake ganin zai iya shiga, shi ma ba wani babban jari ba, ƙashin ne. Fari ne mara nauyi, cikinsa ɗaki-ɗaki ne sirara da yake cika wa iska ko ruwa don ya taso sama ko ya nutse ba tare da ya wahala ba, kuma kusan duk alli ne. A shagunan tsuntsaye na nan a leda ake sayar da shi ɗaya-ɗaya da ɗan ƙarfen maƙalawa a keji, kanari da aku su ringa tsattsaga yana gyara musu baki yana ƙara wa ƙwai ƙwarin ɓawo, alhali a wajen masu gyara na Bangala a kwandon shara yake ƙarewa. Maƙeran zinariya da azurfa ma na amfani da shi, su raba shi biyu su danna zobe a tsakani ya fito da siffa, su zuba narkakken ƙarfe, ba ya fashewa da zafi sai dai ya ƙone sau ɗaya a yar. Ba ya ruɓewa in an wanke shi an jiƙa ya saki gishiri an shanya, ba ruwansa da wuta ko ƙanƙara. Ka tambayi masu kanari na unguwa da masu tsuntsaye a kasuwa ko sun san shi da nawa za su iya biya, in da haske sai in fara tara maka in haɗa da kayan kago.

In kuma wata rana ka ci karo da naman a Legas kana son gwadawa, ka ce wa Anti wuta mai ƙarfi minti biyu ta sauke, ko kuma ta bar shi a miya ya haura minti 40, duk abin da ke tsakanin nan roba za ku tauna. Tafarnuwa da lemon tsami da wani kayan ƙanshi da suke ce wa kamun ake sa masa a nan. Ni da yajin ƙuli nake cin nawa, Yamalawan kicin ɗinmu tun suna dariya yanzu su ke tambaya ko an kawo sabon yaji daga Kano, don haka in akwai mai tahowa umara a sako min mudu ɗaya mai citta sosai.